Kowa Ya Tuna Bara: Dawowar Tsohon Ɗinki a Zamanin Matsi

A ranar 12 ga Fabrairun 1947, a wani gida da ke titin Montaigne a birnin Paris, maɗinki Christian Dior ya baje kolin tufafin mata na farko da ya fitar da sunansa. Hunturun shekarar ya yi tsanani, kwal ɗin ɗumama ɗaki ya yi ƙaranci, burodi kuma sai da katin rabo ake samunsa. Kafin shekarar ta ƙare ma an rage kason kowane mutum zuwa giram 200 a rana. A cikin wannan hali Dior ya fito da riguna masu matse ƙugu da sassauta kafaɗa, da buje mai tattara wanda ya sauka har ƙwauri, wani ma yakan ci yadi wajen ashirin. Editar mujallar Harper's Bazaar, Carmel Snow, ita ta raɗa wa salon sunan da ya bi shi har yau, New Look, wato sabon fasali.

Sabuntar a suna ta tsaya. An haifi Dior a 1905 a garin Granville da ke gaɓar teku, cikin gidan wadata, kuma fasalin da ya zana na matan da ya buɗe ido ya gani ne kafin yaƙin 1914, musamman mahaifiyarsa Madeleine. A 1931 ta rasu, a shekarar kuma karayar tattalin arzikin duniya ta cinye dukiyar mahaifinsa, mai masana'antar takin zamani. Mutumin da ya rasa uwa da arzikin gida a shekara guda shi ya zo ya sayar wa Turai, wadda ita ma ta fito daga yaƙi hannu rabbana, hoton zamanin da komai ke nan daram. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ba kewa kaɗai ke aiki ba, akwai lissafi. Wanda ya zuba jari a gidan Dior shi ne Marcel Boussac, attajirin da ya fi kowa masaƙun auduga a Faransa, kuma ba a buƙatar dogon nazari kafin a gane amfanin da mai masaƙa zai samu idan bujen yadi uku ya koma na ashirin. A Birtaniya, inda aka fara rabon tufafi da kati a Yunin 1941 ba a kuma janye shi ba sai Maris ɗin 1949, dokar lokacin yaƙi ta ƙayyade har yawan aljihu da maɓalli da tattarar da tela zai sa a riga. Jami'an gwamnati sun soki sabon yayin a matsayin almubazzaranci. A Amurka wasu mata sun kafa ƙungiyar adawa da dogon buje. Duk da haka, kafin shekara biyu ya game gari, wadda ba ta da halin sabon ɗinki sai ta nemi ƙyalle ta yi wa tsohon bujenta ƙari a ƙasa.

Shekara ashirin da huɗu bayan haka abin ya juya ta hanyar da ba wanda ya zata. Yves Saint Laurent, yaron gidan Dior wanda ya gaji kujerarsa a 1957 yana ɗan shekara 21, ya nuna kayansa a ranar 29 ga Janairun 1971. Abin da ya dawo da shi shi ne ainihin abin da ubangidansa ya binne: kafaɗa mai kusurwa, gajeren buje, takalma masu tudu, naɗin ɗankwali, jan baki raɗau, da wata kwat ta gashin yanyawa da aka rina kore shar. Wannan shigar matan Paris ce a shekarun da sojojin Jamus suka mamaye birnin. 'Yan jarida suka yi masa ca, wasu suka kira kayan mafi muni a Paris. Ga dattawan da ke zaune a zauren, rigunan sun tuno yunwa da layin abinci, da kuma matan da aka aske wa kai a bainar jama'a a 1944 bisa zargin hulɗa da Jamusawa. Saint Laurent kuwa a Oran ta Aljeriya aka haife shi a 1936, bai ga mamayar Paris da idonsa ba. A jikin ƙawarsa Paloma Picasso ya ga salon, ita kuma a kasuwar tsofaffin kaya take tsintar tufafinta.

A nan ne ƙa'idar take, in akwai ta. Zamanin da ake farfaɗowa kusan kullum wanda mai sawa bai sha wahalarsa ba ne. Tazarar shekara ashirin da biyar zuwa talatin ta isa a haifi waɗanda ba su san ɗacinsa ba, ta kuma isa kayan da ke jibge a akwatunan iyaye da kakanni su fara kwarara kasuwa da araha. Matasa marasa kuɗi su ke fara sawa, manyan gidajen ɗinki su hango, su kwaikwaya, su ɗora farashi.

Ya kamata a yi hattara da zancen da ake yawan yi cewa matsi ne ke haifar da wannan yayi. A 1971 tattalin arzikin Faransa bunƙasa yake yi, fim ɗin Bonnie and Clyde da ya sa 'yan mata sha'awar shigar shekarun 1930 kuwa tun 1967 ya fito. Abin da matsi ke yi shi ne ɗauko abin daga hannun tsiraru ya baza shi a kasuwa. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12. Daga Janairu zuwa Maris na 1974 masana'antun Birtaniya kwana uku kacal a mako suke samun lantarki, a 1975 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 24 cikin ɗari. A irin wannan yanayi mai kanti ba ya son caca da sabon salon da ba a san ko zai karɓu ba, mai saye kuma yana neman abin da ba zai tsufa a shekara guda ba. Tsohon ɗinki ya riga ya tsufa, don haka ba shi da sauran abin tsoro. Kamfanin Laura Ashley, mai ɗinka dogayen riguna masu furanni irin na matan karkara a zamanin Sarauniya Victoria, a waɗannan shekaru ya yi tashe. Fim ɗin The Great Gatsby na 1974 ya dawo da kwat da faffaɗan wandon shekarun 1920.

Amma kewa ba ta biyan haya. A Satumban 1973, wata guda kafin rikicin mai, kantin Biba na Barbara Hulanicki ya koma wani katafaren bene mai hawa bakwai a unguwar Kensington ta Landan, ginin shekarun 1930, aka ƙawata shi kamar fadar taurarin fim na wancan zamani. Jama'a suka yi ta tururuwa, mafi yawansu 'yan kallo. A 1975 aka rufe shi.

Bayan rikicin bankuna na 2008 an sake ganin haka, kodayake wannan karon intanet ta sauya hanyar. Gidajen Prada da Louis Vuitton sun fito da fasalin shekarun 1950 da farkon 1960 a kayansu na 2010, manhajojin sayar da tufafin hannu irin su Vinted, da aka kafa a Lithuania a 2008, da Depop na 2011, suka mai da tsohon kaya babbar sana'a.

Wannan ya taɓa cinikin gwanjo kai tsaye. A rumbunan tantance tufafi na Turai da Amurka, kafin a ɗaure dilar da za ta sauka a Kantamanto ta Accra ko Ƙofar Wambai ta Kano, akan fara tsame kayan da ke da tsohon tambari da kyawun yadi, a ware su ga kantunan da ke sayar da su da tsada a can. Wanda ya kuɓuce wa masu tantancewa ma ba a barinsa: akwai 'yan kasuwar da ke zuwa kasuwar gwanjo ta Hédzranawoé a Lome, su tsinci tsofaffin riguna da jakunkuna da araha, su mayar da su Paris su sayar da ninkin ba ninkin.