Guguwar Andrew da Ƙusar da Ba ta Kama Katako Ba

Wani manomi ya rubuto yana tambaya: in guguwa ta yi ɓarna a ƙasashen Turawa, wa ke duba gidajen kafin a sake gini? To malam, ga labarin Amurka.

Ran 24 ga Agusta, 1992, mahaukaciyar guguwar teku da aka laƙaba wa suna Andrew ta faɗa wa kudancin jihar Florida, musamman garin Homestead, da iska mai gudun fiye da kilomita 250 a sa'a. Gidaje sama da 25,000 suka rushe a gundumar Dade kaɗai.

Da ƙura ta lafa, sai injiniyoyi da masu zanen gine-gine suka bi unguwa-unguwa. Aikinsu na farko shi ne su ce wannan gida a shiga, wancan kada a kusance shi. Na biyu kuwa, wanda a ganina ya fi amfani, su gano ta ina gidan ya fara ɓallewa. Abin da suka tarar ya ba mutane haushi. A gidaje da dama an maƙale allunan rufi da 'yan siraran ƙarafa maimakon ƙusa, wani wurin kuma ƙusar ta wuce ta gefe, ba ta kama katakon ba sam. Taga ko ƙofa na fashewa, iska ta cika ɗaki ta tura rufin sama. Rufi na tashi, bango ya rasa abin riƙe shi. Kwamitin bincike na kotun gundumar ya ɗora laifi kan aikin ha'inci da sakacin masu duba gini.

Daga nan aka tsaurara dokar gini ta yankin a 1994, sannan a 2002 doka guda ta fara aiki a jihar baki ɗaya. A yankin Miami har gwajin taga ake yi: a harba mata gungumen katako mai nauyin kilo 4, in ya huda ta, ba ta ci jarrabawa ba.

Iskarmu ta farkon damina ba ta kai Andrew ba, amma ita ma ta mahaɗar rufi da bango take ɗage kwano. In ta yaye maka rufi, kada ka yi saurin kiran kafinta. Dubi katakon tukuna: in ya tashi tare da kwanon, ɗaurin langa-langa a jikin bango ne ya gaza, in kwanon kaɗai ya tafi, ƙusa ce ta yi kaɗan ko gara ta ci katakon.