Ma'ana da asalin sunan zabo a Turance

A ƙauyuka irin su Mabai, da sauran yankunan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a jihar Katsina, zabo tsuntsu ne da kowa ya san shi, musamman da damina lokacin da ƙwansa ke cika kasuwa.

To sai dai sunan da Turawan Ingila suka ba shi, watau guinea fowl, yana ɗauke da tarihin cinikin da aka yi tsakanin Afirka ta Yamma da Turai shekaru fiye da 500 da suka wuce.

Yadda ake rubuta shi

Akasarin ƙamusoshi na rubuta sunan a matsayin kalmomi biyu, guinea fowl. Wasu kan sa karan ɗori a tsakani, yayin da masana tsuntsaye suka fi son haɗe shi wuri guda, guineafowl.

Dukkansu dai karɓaɓɓu ne, kuma ana fara su da ƙaramin baƙi in ba a farkon jimla ba.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne kalma ta biyu. Furucin fowl ɗaya ne da na foul, wadda masu kallon ƙwallon ƙafa suka sani da ma'anar keta doka, amma ba su da wata alaƙa.

A tsohon Ingilishi asalin fowl na nufin kowane irin tsuntsu ne, kafin daga baya ma'anarta ta taƙaita ga kaji da danginsu.

Ina ne Gini?

Kalma ta farko, wadda ake furtawa "gini", ba ƙasar da Konakiri ke babban birninta kaɗai take nufi ba.

Suna ne da Turawan Fotugal suka laƙaba wa gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 15, kuma jiragensu ne suka riƙa kai zabbi Turai daga can.

Masana dai sun sha bamban game da tushen kalmar. Wasu na cewa daga harshen Berber na arewacin Afirka ta fito, inda take nufin baƙar fata, wasu kuwa na danganta ta da birnin Jenne na ƙasar Mali ko kuma tsohuwar daular Gana.

Wannan suna ya bi abubuwa da dama da Bahaushe ya sani. Dawa ita ce guinea corn, kurkunu kuma guinea worm, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita daga Najeriya a shekarar 2013.

Kazalika a 1663 Ingila ta fara buga wani kuɗi mai suna guinea da zinariyar da aka samo daga wannan yanki.

Ruɗani da talotalo

Kafin sunan ya zauna, mutanen Ingila na kiran zabo turkey ne, saboda ana jin cewa ta hannun fataken daular Turkiyya yake isa gare su.

Da talotalo ya iso daga nahiyar Amurka a ƙarni na 16, sai aka riƙa ruɗa tsuntsayen biyu. A ƙarshe baƙon ya gaje sunan, zabo kuma aka mayar da shi ga ƙasarsa ta asali.

Wasu al'ummun ma sun danganta shi da Afirka. Larabawa na ce masa kazar Habasha, mutanen Italiya kuma kazar Fir'auna, yayin da Rumawan dā suka san shi da kazar Numidiya, yankin da galibinsa ke cikin Aljeriya a yau.

Faransawa kuwa jikinsa suka duba, suka kira shi pintade, daga kalmar Fotugal mai nufin abin da aka yi wa zane.

A nan sun yi tarayya da Bahaushe, wanda ya ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta.