Ƙarni Ɗaya na Neman Asalin Ƙaiƙayi

Idan iskar hunturu ta kankama a Kankiya da Kusada, akan ga yaran da ƙaiƙayi ke hana barci, fatar lanƙwasar hannu da ta bayan gwiwa ta yi kaushi saboda susa. Wasu kan ce borin jini ne, wasu su haɗa shi da ƙyasbi, alhali ƙyasbi ƙwayar fangas ke kawo shi. Wannan ciwo, da likitoci ke kira ekzima ta gado, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma an haura ƙarni ɗaya ana neman asalinsa.

A ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Faransa sun ɗora laifin a kan jijiyoyi. A 1923 Arthur Coca da Robert Cooke na Amurka suka ba da suna ɗaya, atofi, ga cututtukan da ke bin dangi irin su asma, sannan a 1933 Fred Wise da Marion Sulzberger suka sanya wannan ciwon fata cikinsu. A 1952 Sulzberger ya nuna cewa man haidirokotizon na kwantar da kumburin, tun ba a san yadda yake tasowa ba.

Amsar ta zo daki-daki. A 1966 Kimishige da Teruko Ishizaka suka gano IgE, sinadarin garkuwar jiki da ke yawaita a jinin masu atofi. A 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman suka bambance wani rukunin ƙwayoyin garkuwa, wanda aka tabbatar yana aika saƙonnin IL-4 da IL-13. Su ke haddasa kumburi, su raunana katangar fata. A 2006 tawagar Irwin McLean a Dundee ta nuna cewa wasu da raunin aka haife su, saboda tawaya a sinadarin filagirin. Fata ta tsage, ƙura ta shiga, garkuwa ta harzuƙa, susa ta ƙara tsagewar. Allurar dupilumab, da Amurka ta amince da ita a 2017, waɗannan saƙonni biyu take toshewa.

Sai dai galibin ilimin a kan fatar Turawa aka gina shi. Tawayar filagirin da aka sani a Turai ba ta da yawa a Afirka, kuma jan da littattafai ke kwatantawa kan fito duhu ko toka-toka a baƙar fata, abin da ya wajaba ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta Kankiya su sani.

Allurar ta fi ƙarfin aljihun yawancin iyalai, amma gyaran katanga bai fi ba: man kaɗanya ko Vaseline da zarar an fito wanka, da barin sabulu mai zafi. Mayukan sitiroyid masu ƙarfi da ake saya a kemis, waɗanda masu bilicin ma ke shafawa, suna sirantar da fatar yaro idan aka daɗe a kansu ba da umarnin likita ba.