Yadda Kala Ta Raba Mai Hoto da Ɗakin Duhunsa

Da yawa daga cikinmu in muka ga tsohon hoton baƙi-da-fari sai mu ɗauka zaɓi ne magabata suka yi. Ko kusa. Tilas ce, domin kala ta daɗe a duniya amma ba ta talaka ba ce. Tun a 1861 masanin kimiyyar nan James Clerk Maxwell ya nuna hoto mai launi a Landan. A 1907 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière a Faransa suka fito da Autochrome, wanda ake haɗawa da rinannen garin dankalin turawa, sai kuma fim ɗin Kodachrome a 1935. Duk da haka tsada ta hana shi yaɗuwa, ga shi kuma mai hoto ba ya iya wanke shi da kansa, sai ya aika wa kamfani.

Manyan masu fasahar hoto kuwa raina kala suka yi, suna ganin ta kayan 'yan talla ce. Ko a 1976 da gidan adana kayan fasaha na MoMA a birnin Niyok ya baje hotunan William Eggleston masu launi, sai da masu sharhi suka yi masa ca.

Amma a ganinmu inda lamarin ya fi ban tausayi shi ne nan Afirka ta Yamma. Mu ɗauki Bamako. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, Malick Sidibé kuma ya biyo baya, yana bin samari da 'yan mata wuraren rawa da bakin kogin Neja. Irin waɗannan mutane su ne wuƙa, su ne nama: su tsara zaman mutum, su ɗauka, su shiga ɗakin duhu su wanke, su adana dodon hoton ko da za a dawo neman wani. Hannunsu ya san yawan hasken da baƙar fata ke buƙata kafin kamanninta su fito. Fim ɗin kala bai san wannan ba. Shekara da shekaru kamfanin Kodak na auna daidaiton launi ne da hoton wata Baturiya, abin da ake kira katin Shirley, shi ya sa sau da yawa fuskokinmu kan fito dusu-dusu, sai haƙora da fararen idanu.

Da injinan wanke hoton kala suka bazu a shekarun 1980, sai duk mai ƙaramar kyamara ya zama mai hoto. Jama'a kuma ba su da laifi. Wace amarya ce za ta so a ɓoye launin atamfarta? Kasuwar Sidibé ta ja baya har ya fi mayar da hankali ga gyaran kyamarori. Tsofaffin dodannin da ya jibge cikin kwalaye su ne daga baya Turai ta gano, har aka ba shi lambar Zakin Zinare a Benis ta ƙasar Italiya a 2007. Ya rasu a 2016, shekara bakwai bayan Kodak ta daina yin Kodachrome.