Daga Rantsuwa Hamsin Zuwa Fayil: Tarihin Tuhuma a Ƙasar Karaye

Kafin alƙali ya ce wane ya yi laifi ko bai yi ba, akwai tambayar da ke zuwa da farko: wa ya isa ya ce a gurfanar da shi? Tuhumar kisan kai ita kaɗai tana iya cinye gonar mutum da aurensa da mutuncinsa, ko da daga baya an wanke shi. Shi ya sa kowace al'umma take sa mai gadi a wannan ƙofa. A ƙasar Karaye da Rogo, mabuɗin ƙofar ya sauya hannu cikin shekaru ɗari da 'yan kai, kuma wannan sauyi yana cikin dalilan da suka sa yau mutum kan daɗe a tsare ba a fara shari'arsa ba.

Bari mu fara da Ingila, tunda daga can tsarin kotunanmu na zamani ya zo. A 1166, Sarki Henri na Biyu ya kafa doka cewa idan alƙalansa suka zo rangadi, a tara mutum 12 daga kowace gunduma da mutum 4 daga kowane ƙauye, su rantse su faɗi sunayen waɗanda ake zargi da kisa ko fashi ko sata. Wannan ne tushen abin da suke kira babban juri, wato majalisar mutanen gari masu duba tuhuma. Ba su yanke hukunci. Aikinsu su duba ko hujjar da ke hannu ta kai a kai mutum gaban shari'a. Ingila ta soke mafi yawan aikinsu a 1933, ta ƙarasa a 1948, amma Amurka ta riƙe tsarin, ta sa shi cikin gyara na biyar na tsarin mulkinta a 1791. Har yau a kotunan tarayyarta mutum 16 zuwa 23 ne ke zama a asirce, kuma sai 12 sun yarda ake shigar da tuhuma kan babban laifi.

Turawan da suka ci Kano a 1903 ba su kawo wannan majalisa ba. Sun tarar da shari'ar Malikiyya tana aiki, suka bar ta a hannun sarki da alƙalai, suna sa ido daga sama. A ce a zamanin Sarki Abbas an tsinci gawa a wani ƙauye na yankin Rogo. Mai unguwa zai kai wa dagaci, dagaci ya kai wa Sarkin Karaye, shi kuma ya tura maganar birni, domin shari'ar jini ta fi ƙarfin alƙalin gunduma. A Kano, majalisar shari'ar Sarki ce za ta zauna, da Waziri da malamai. Rubutattun hukunce-hukuncen wannan majalisa na 1913 da 1914, da Larabci, suna nan ba su ɓata ba.

Amma masu ƙara a wannan zama ba hukuma ba ce. Magada ne, waliyyan jini. Su ke da haƙƙin neman ƙisasi, ko karɓar diyya, ko yafewa. Idan babu iƙirari, babu shaidu biyu adalai, sai a duba ko akwai lausu, wato alama mai ƙarfi, kamar shaida ɗaya adali, ko mamacin ya ambaci wanda ya sare shi kafin ransa ya fita. In an samu, sai maza daga dangin uba, aƙalla biyu, su yi rantsuwa hamsin cewa wane ne ya kashe ɗan'uwansu. Wannan ita ce ƙasama, kuma asalinta kisan Abdullahi ɗan Sahlu ne a Khaibara a zamanin Annabi (SAW). A Malikiyya, ganin gawa a unguwar wasu bai isa ya zama lausu ba. Hanafawa ne ke sa mutum hamsin na unguwar su rantse ba su kashe ba, ba su san wanda ya kashe ba.

Ƙasama da babban juri ba abu ɗaya ba ne. Rantsuwar magada hujja ce da za a iya yanke hukunci da ita, ta mutanen Ingila kuwa buɗe ƙofa kawai take yi. Inda suka haɗu shi ne nauyin tuhuma yana kan wuyan mutanen da suka san wurin, suka san mamaci da wanda ake zargi, suka kuma rantse da bakinsu. Wanda ya yi rantsuwar ƙarya zai ci gaba da haɗuwa da dangin wanda ya cuta a kasuwa da masallaci.

Dokar kotunan gargajiya ta 1933 ta kasa su aji huɗu, kuma masu daraja ta ɗaya, irin kotun Sarkin Kano, su ke iya yanke hukuncin kisa, shi ma sai Gwamna ya amince. Rigima ta fito fili a 1947, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsoho Gubba, saboda dokar Turawa tana sassauta wa wanda aka tunzura, Malikiyya kuwa ba ta ɗauki wannan uzuri ba. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu kundin hukunta laifuka da na tsarin shari'arsu, waɗanda suka fara aiki a 1960. Daga nan kisan kai ya zama laifi ga ƙasa: ɗan sanda ya bincika, gwamnati ta shigar da ƙara, magada su koma shaidu. Tsakanin 1967 da 1968 aka rufe kotunan sarakuna. Shari'ar Musulunci da Kano ta dawo da ita a 2000 ta maido wa magada maganar ƙisasi da diyya a kotunan shari'a, amma bincike da gurfanarwa sun ci gaba da zama a hannun hukuma.

Sauyin ya zo da amfani. Marar dangi ya sami mai tsaya masa, kuma ƙiyayyar gida biyu ba ta isa ta kai mutum ga takobi ba. Ita ma majalisar mutanen gari ba ma'asuma ba ce. A 1734 ta ƙi tuhumar ɗan jarida Zenga a Niyok duk da matsin gwamna, amma a 2014 wata irinta a jihar Mizuri ta ƙi tuhumar ɗan sandan da ya harbe Michael Brown a Fagason, har tarzoma ta tashi. Ga shi kuma mai gabatar da ƙara ne ke kawo mata hujja, lauyan wanda ake zargi ba ya shiga ɗakin.

Sai dai abin da ya maye gurbin rantsuwa a wurinmu takarda ce. Wanda aka kama da zargin kisa a Rogo, akan kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin shari'ar, sai ya ba da umarnin tsarewa, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a a Kano neman shawarar lauyoyin gwamnati. Wannan shawara ita ce aikin babban juri a wurinmu, kuma jiranta na cikin abin da ya sa mafi yawan mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne. Dokar tarayya ta 2015 ta ƙayyade tsarewar farko ga kwana 14, Kano kuma ta yi tata dokar a 2019. Karaye ta zama masarauta a 2019, tun 2024 kuma ita da Rogo ne ƙasarta, amma Sarki da dagatansa sulhu ne nasu, ba tuhuma ba. Mai unguwar da ya san wanda ya kwana a gida daren da abin ya faru, sai an kira shi shaida zai yi magana, kuma ba za a kira shi ba sai fayil ya dawo daga birni.