Finafinan Araha na Amurka: Asalinsu da Gadon da Suka Bari

Masu nazarin tarihin sinima sun saba fara labari da manyan kamfanonin Holiwud, su kuma ƙare da su. Amma a gefensu akwai wata sana'a wadda aka daɗe ana rainawa, watau ta masu shirya fim da kuɗi kaɗan cikin 'yan kwanaki, su jawo 'yan kallo da abin da ke tsokano sha'awa ko ya ba da tsoro, kamar dodanni da zub da jini da tsiraici da tsagerancin samari. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa waɗannan da aka raina, su ne daga baya suka koya wa manyan hanyar ciniki.

Tun daga shekarar 1934 manyan kamfanoni suka ɗaure kansu da ƙa'idar Hays, wadda ta hana su nuna abubuwan da ake ganin suna ɓata tarbiyya. To, abin da manya suka ƙyale, shi ƙanana suka ɗauka, suna fakewa da sunan gargaɗi. Misali, a 1945 Kroger Babb ya yi ta yawo gari-gari da fim ɗin Mom and Dad. Maza da mata ba su kallo tare, ana cikin nunawa kuma sai a tsaya, wani ya tashi ya yi jawabi a kan lafiyar aure, sa'an nan a sayar da 'yan littattafai.

A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanoni da gidajen sinimarsu. Talabijin kuma ya shiga gidaje, magidanta suka rage fita kallo. Waɗanda suka rage su ne samari da 'yan mata, masu zuwa filayen da ake kallo daga cikin mota, waɗanda a 1958 suka haura 4,000. James Nicholson da Samuel Arkoff sun gane haka, suka kafa kamfani a 1954, wanda a 1956 ya zama American International Pictures. Dabararsu ita ce a fara samo suna mai ɗaukar hankali da hoton talla. In masu gidajen sinima sun yi sha'awa, sa'an nan a rubuta labarin.

Babban gwani a wannan fage shi ne Roger Corman, wanda ya ɗauki mafi yawan fim ɗin The Little Shop of Horrors na 1960 cikin kwana biyu. Da yake ba ya biyan kuɗi mai yawa, sai ya riƙa ɗaukar matasa waɗanda ba su yi suna ba. A hannunsa Francis Coppola da Martin Scorsese da James Cameron suka koyi aiki, haka kuma ɗan wasa Jack Nicholson. Aka ba shi lambar girmamawa ta Oska a 2009, ya rasu a 2024.

Ƙa'idar Hays ta faɗi a 1968, giɓin da ƙananan ke ci a cikinsa ya fara toshewa. A 1975 kamfanin Universal ya fito da Jaws, labarin dodon kifi irin nasu, amma da kuɗi mai yawa, aka sake shi a ɗaruruwan gidajen sinima rana ɗaya, da talla a talabijin. Da manya suka karɓe wannan ciniki, sai kasuwar ƙananan ta yi sanyi, har aka sayar da American International a 1979.

Lalle ba a rufe ido ga aibin waɗannan finafinai, gama da yawansu sun mai da mace abin talla, sun kuma ci kasuwa da zub da jini. Duk da haka, wanda ya bar su a wajen tarihin sinima, ba zai fahimci inda Holiwud ta samo gwanayenta da dabarun cinikinta na baya ba.