Daga dusar tsaunuka zuwa ƙullin zoɓo: tarihin ƙanƙarar sha

A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa, bakin ƙofar lakwal ba ya rasa yarinya mai kula cike da ƙullin ƙanƙara: na zoɓo ja wur, na tsamiya, na kuka fari tas. Yaro ya miƙa ƴan dalolinsa, ya huda gefen leda da haƙori, ya kama tsotsa. Abin ya zama ruwan dare har ba mai tambayar asalinsa. Alhali kuwa ƙarnuka kaɗan da suka shuɗe, shan abu daskararre a ƙasa mai zafi gata ne na sarakuna, kuma sai da aka ɗora raƙuma da jiragen ruwa a kan hanya kafin ya samu.

Kalmar ƙanƙara tsohuwa ce a bakin Bahaushe, amma da can abin da take nufi shi ne wadda ke zubowa daga sama tare da hadari, ta kwantar da gero, ta narke kafin a gama mamakinta. Sanyin da kakanni suka mallaka shi ne na randa da tulu da salka. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ko fata, iska ta busar da shi, zafin cikin ya tafi tare da shi. Wannan dabara tana sanyaya ruwa ƙwarai, sai dai ba ta iya daskarar da shi.

Sanyin sarakuna

Mutanen Farisa na cikin waɗanda suka fara adana ƙanƙara a ƙasa mai zafi. A dararen hunturu sukan zuba ruwa cikin kududdufai marasa zurfi, a inuwar doguwar katanga, ya kwana ya daskare. Da asuba a fasa shi a jibge cikin wani rami mai rufin laka kamar katon rumbu, wanda suke kira yakcal, a yi ta ɗiba har cikin bazara. Wasu daga cikin gine-ginen suna nan tsaye a yankunan Yazd da Kirman. A Masar kuwa, sarakunan Mamaluka sun riƙa sa a ɗauko musu dusar ƙanƙara daga tsaunukan Sham, wata a jirgin ruwa, wata a bayan raƙuma, har Alƙahira. Malam Alƙalƙashandi, wanda ya rasu a 1418, ya bayyana tsarin wannan jigila a cikin babban littafinsa na aikin fada.

Sanyaya abin sha daban, daskarar da shi daban. Asirin na biyun yana cikin gishiri. Idan aka cuɗa gishiri da ƙanƙara, sanyin cakuɗin yana iya sauka har wajen digiri 21 ƙasa da sifiri, ya daskarar da duk abin da aka tsoma a ciki. Masanin birnin Napoli na Italiya, Della Porta, ya yi bayanin irin wannan dabara a 1589, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 17 masu dafa abincin manyan birnin sun rubuta yadda ake daskarar da ruwan lemun tsami da sukari. Sunan da suka ba abin, sorbetto, ya samo asali ne daga sharbat na Larabawa da Turkawa.

Wanda ya maida ƙanƙara haja shi ne Frederic Tudor, ɗan kasuwar birnin Boston na Amurka. A 1806 ya sa aka yanko ƙanƙarar tafki, ya loda jirgi zuwa tsibirin Martinik. Aka yi masa dariya, ya yi asara, har bashi ya kai shi gidan kaso. Bai daddara ba. Ya gano cewa garin katako yana hana ƙanƙara saurin narkewa, kuma a 1833 ya aika tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya. Bayan wata huɗu a teku, kimanin tan 100 suka isa. Ba a jima ba injuna suka karɓe kasuwar. A 1859 Bafaranshe Ferdinand Carré ya ƙera injin yin ƙanƙara mai aiki da amoniya. A 1922 wasu ɗalibai biyu na Suwidin, Platen da Munters, suka ƙago ƙaramin firigo wanda harshen wuta kaɗai ke tafiyar da shi, kamfanin Electrolux ya shiga sayar da shi daga 1925. Irinsa mai aiki da kananzir ne ya kai sanyi barikoki da gidajen likita na Afirka tun kafin wayar lantarki ta isa.

Tsinken da aka manta a kofi

Ƙanƙara mai tsinke, wadda ake riƙewa a hannu, ana danganta ta da Frank Epperson na jihar Kalifoniya. Kamar yadda shi kansa ya riƙa ba da labari, a 1905, yana ɗan shekara 11, ya dama garin lemo da ruwa, ya manta kofin a waje da tsinken damawar a ciki. Daren ya yi sanyi, da safe ya ciro abin daskare a jikin tsinke. Sai da ya zama magidanci ya fara sayarwa, ya sami takardar mallakar fasaha a 1924, sannan ya sayar da haƙƙinsa ga wani kamfani. Sunan Popsicle ya bazu a Amurka. A shekarun 1930, zamanin karayar arziki, aka fito da mai tsinke biyu, domin yara biyu su raba guda a kuɗin ɗaya.

Ta Amurka ruwa ce da sukari da ƙamshin masana'anta. Wadda aka yi da ƴaƴan itace na gaskiya ta yi suna ne a Meziko, inda ake kiranta paleta. A shekarun 1940 wasu mutanen ƙauyen Tokumbo na jihar Micowakan suka buɗe shagunan paleta a babban birnin ƙasar. Duk wanda ya kafu sai ya jawo ɗan'uwa, ya koya masa, ya ba shi rancen jari, har shagunan suka cika ƙasar. Ƙauyen ya kafa katon gunkin paleta a mashigarsa don tunawa da sana'ar da ta fitar da shi daga talauci. Daga cikin irin da ake sha a can akwai na mangwaro, da na tsamiya, da na wani jan fure da suke kira hamaika, wanda ba kowa ba ne face zoɓo. Meziko ma tana cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a arewacin Najeriya.

Yadda ta shiga gidajen Nijar

A Nijar, ƙanƙara ta biyo wayar lantarki ne. An kafa kamfanin Nigelec a 1968. A 1976 layin da ya taso daga Birnin Kabi ya kawo wa Yamai wutar madatsar Kainji, daga baya wani layin ya haɗa Katsina da Maraɗi da Damagaram. Da firigo ya shiga gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa, mata ne suka gane cewa jari ne. Ba su jira kwanon zubi ko tsinke ba, suka ɗauki ƙaramar leda. Ba su kuma nemi ɗanɗanon waje ba, suka koma ga abin da uwaye suka saba jiƙawa: zoɓo, wanda birane ke kira bisap, da tsamiya, da garin kuka, da citta da lemun tsami, da mangwaro idan lokacinsa ya kama. Da ribar ƙulli-ƙullin nan gidaje da dama suka sayi littattafan lakwal, suka yi kayan ɗakin ƴaƴa mata.

Aikin kansa ba wuya gare shi, amma yana da ƙa'ida. Ana tafasa zoɓo ko a jiƙa tsamiya, a tace, a sa sukari, a bari ya huce sarai kafin a ƙulla. Mangwaro da gwaba ana markaɗa su ne, a matsa ɗan lemun tsami. Sanyi yana dushe zaƙi a harshe, don haka ruwan yakan ɗan fi na sha zaƙi. Idan kuwa sukarin ya yi yawa, ƙanƙarar ba za ta yi tauri ba, domin sukari yana jinkirta daskarewa. Ba a cika leda ko kofi maƙil, saboda ruwa yana kumbura idan ya daskare. Mai son tsinke yakan jira ruwan ya fara kamawa sannan ya soka, don ya tsaya a tsakiya.

Abu uku ne ke barazana ga wannan ni'ima. Na farko ruwa: sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa tana kai gudawa cikin yaro kamar yadda ruwan zai kai, shi ya sa tafasawa da wanke hannu suka zama wajibi, kuma wadda ta narke bayan ɗaukewar wuta ta daɗe ba ta cancanci a sake daskarar da ita ba. Na biyu leda, wadda ke toshe magudanai, ta kashe awaki, duk da dokar da aka kafa a 2014 don hana siraran ledoji. Ƙananan kofuna da ake wankewa a sake amfani da su sun wadatar da mai yi wa iyalinsa. Na uku wutar kanta. Daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta katse layukan, firigo da yawa sun koma akwatunan ajiya, mata masu sana'ar suka ga tabbacin karin maganar nan, zanen aro ba ya rufe katara. Mafi yawan ƙauyuka kuwa wayar ba ta taɓa isa gare su ba, can randa ce ke riƙe da sarautarta.

Faranti mai kama hasken rana ya fara sauya lissafin, domin ranar da ke ƙona bazara ita ce yanzu ke daskarar da ruwa a wasu kasuwannin karkara. Zoɓon da tsamiyar dama na gida ne. Ranar da sanyin ma ya zama na gida, ɗan manomin da ya shuka zoɓon zai sha abin da sarkin Masar ya aika raƙuma nema.